Yinin Ammi Ayyashi

Ain Darahim, farkon Nuwamba

Zuwa ga 'yata Sausan,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ubanki da Ummanki da kajin gidan nan, waɗanda suka rage. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Si Nizar, a garin nan naku na Safaƙus inda kika ce mutum kan shanya riga ta bushe a ranar. Ni dai ban taɓa gani ba, amma tunda malamar makaranta ce ta faɗa, na yarda. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san malaminmu ya sallame ni da wuri, ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya a bisansa, ba a cikinsa ba.

Bari in riga Ummanki ba ki labari, don nata ba zai yi mini daɗi ba.

Na kware rufin gidan. Jan tayil ɗin nan na yumɓu na zamanin kakanki, wanda kika tashi kina bi da kwanoni kina tarar yoyonsa, na sauke shi kaf na zubar a kwazazzabon bayan gida. Na sayo sabo na siminti, irin wanda ake kawowa a mota daga Janduba, ruwan toka, kowanne bakinsa na shiga bakin ɗan'uwansa, kowanne nauyin yaron goye. Mai sayarwa ya rantse tayil ɗin zai raka ni kabari ya dawo ya raka jikana.

Kafin in fara na yi shawara da gwiwata ta hagu. Shekara da shekaru ita ce rediyon gidan nan, in ta yi ciwo ruwa, in ta yi shiru rana. Ta yi shiru. Ummanki ta ce, "Lazhar, a wannan watan? A garin nan? Ka tambayi sama mana, ba ƙafarka ba." Na ce mata mace ba ta san rufi ba.

Ina gama tsiraita katakon, gajimare ya gangaro daga dutsen Bir kamar an aiko shi. Kafin hantsi ruwa na zuba a kan gado. Ummanki, da ƙirjin nan nata da ba ya son danshi, tana zaune tsakiyar ɗaki da lema a hannu tana tari, tana dubana. Da ma zagina ta yi.

Kin san yadda ake kiran gayya a unguwarmu. Gida gida ake bi, a buga ƙofa, a ambaci mutum da sunansa, don ka san wanda ka ci yininsa, shi ma ya san yana binka yini a kan nasa rufin. Ni kuwa ina na ga lokacin buga ƙofa? Katanga na haye, na fuskanci dutse, na haɗa hannu a baki na kwarara ihu cikin hazo: "Jama'a! Duk mai hannu ya zo! Yini da yini!"

Maƙwabcinmu Si Farhat, mai gadin daji, shi ya fara isowa, da zagi a bakinsa. Ya ce, "Kai tunkiyar Allah, gayya ake kira da ihu? Ka san wa zai ji?" Na ce duk wanda ya ji ina so.

Allah ya saka wa mutanen unguwa, sun zo. Kowa cikin alkyabbar ulu, hula ta rufe fuska, ruwa na tsiyaya, ba ka gane kowa sai ya yi magana. Aka yi layi, tayil na tafiya hannu da hannu. Ni ina kan tsani ta ɓangaren arewa, saman ɗakin Ummanki, inda iska ta fi duka, ina miƙa wa wani dattijo da ya ɗauki ɓangaren shi kaɗai. Ban taɓa ganin aiki irin nasa ba. Na miƙa masa ƙusa, ya bar ni da hannu a miƙe. Ya jera, ya jera, sannan ya riƙa fiddo duwatsu daga cikin alkyabba yana dannewa a bakin rufin, irin na mutanen da. Na ce, "Ammi," yadda muke kiran kowane dattijo, "wannan fa na siminti ne, zamani ya wuce ɗora dutse." Can da ya kai ƙarshen layi ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Nawa ma yana yoyo."

Na ce, "To me ya rage? Yininka yana wuyana. Ranar da ka shirya ka aiko."

Da la'asar aka gama, aka zauna ga kuskus da kaji. Na nemi dattijon ban gan shi ba. Si Farhat ya ce ya ɗauka dangin Ummanki ne. Ummanki ta ce ta ɗauka ɗan unguwa ne. 'Yan unguwa suka ce ba mu muka zo da shi ba. Ni dai na ce Allah ya ƙara mana irinsa, mai aiki ba ci. Ɓangaren da Si Farhat ya jagoranta yana ɗiga nan da can, na dattijon ko raɓa ba ta shiga.

Ki gaida Si Nizar. Ki ce masa surukinsa ya zama mai gidan zamani.

Ubanki,
Lazhar

Safaƙus, tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga mahaifina abin girmamawa,

Bayan gaisuwa ta ladabi da sumbatar hannunka da na Umma, wasiƙarka ta iso. Nizar ya yi dariya har ya ƙware. Ni ban yi ba.

Baba, ka bar Umma cikin ruwa da wannan ƙirjin. Likita ya faɗa a gabanka cewa sanyi ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwantar da ita, kwanciyar da ba a tashi. Ka rubuto mini gaskiya, yaya tarin? Tana shan maganin da na aiko?

Sannan wani abokin Nizar da ya san gini ya ce tayil na siminti ya fi na yumɓu nauyi nesa ba kusa ba, kuma tsohon katako ba kullum yake ɗauka ba. Ka sa magini ya duba, magini na gaske, ba gwiwarka ba.

Dattijon nan kuma ka nemo shi. Bai dace mutum ya yini a kan rufinka cikin ruwa ya tafi da yunwa ba. Ka kai masa ko da sukari da ganyen shayi ne.

'Yarka mai biyayya,
Sausan

Ain Darahim, farkon Disamba

'Yata Sausan,

Sallama da gaisuwa. Faɗanki ya iso lafiya, ba abin da ya zube a hanya. Ummanki tana shan magani, tarin ya yi sauƙi. Magini ya zo ya duba katako ya ce zai ɗauka. Dattijon kuma ba sai na neme shi ba.

Ran wata Talata hazo ya sauko da rana tsaka, irin wanda ba ka ganin tafin hannunka. Da ya yaye na fito zan tafi masallaci, sai ga tayil ɗaya a bakin ƙofa, an kwantar da shi a hankali, da dutse a kansa. Na ɗaga kai. Ga gurbinsa can a ɓangaren arewa, daidai saman gadon Ummanki, kamar haƙorin da aka cire. Na ce iska ce. Iska mai ladabi, wadda ta san inda ƙofa take. Na hau na mayar.

Hazo na gaba, biyu na tarar.

Sai na ce yau zan kama ɓarawon da ba ya tafiya da kaya. Da na ga hazo na tasowa bayan azahar, na kwantar da tsani a ƙasa, na ɗora kujera a kai na zauna, lema a hannu, sanda a cinya. In mutum zai hau, sai ya ɗaga ni tukuna. Hazon ya rufe ni. Sausan, ina zaune na ji shi. Ba taku ba. Ƙarar siminti na goga siminti, a hankali, yadda gwani ke zare tayil don kada ya ɓantare bakin na kusa. Na buɗe baki in yi ihu, sai na tuna ihu ne ya kawo ni nan, na rufe. Da hazon ya yaye, ga tayil-tayil a bayan kujerata a jere, kowanne da dutse a kansa. Da na miƙa hannu baya da na taɓa wanda ya ajiye su.

Na shiga da dutsen ɗaya na nuna wa Ummanki ina dariyar yaƙe. Baƙi ne, mai farin zare a tsakiya. Ta juya shi, ta juya shi. Ta ce, "Wannan na rafin Gidajen Sama ne."

Kin san can aka haife ta, ƙauyen nan na bayan dutse da ƙasa ta zaftaro wa tana budurwa, gwamnati ta sauko da waɗanda suka tsira. Tun ranar ba mai kwana can.

Ta ce, "Dattijon nan, hannunsa na hagu fa?"

Na ce, "Wane irin hannu?"

Ta ce, "Lazhar, kai ka yini kana miƙa masa."

Na ce yatsu uku ne. Ban gaya wa kowa ba, don ban ɗauke shi komai ba, rabin maginan ƙasar nan ba su da cikakken hannu.

Ta ajiye dutsen a kan tabarma. Ta ce Ammi Ayyashi ne, wanda ya yi wa kowane gida rufi a Gidajen Sama. Ƙasar ta bi ta bayan gidansa da shi da matarsa a ciki, aka tona aka gaji, ba a same su ba. Ta ce, "Ba mugu ba ne. Yakan ba mu busasshen ɓaure muna yara. Amma bai taɓa yafe yini ba. Wanda ya ƙi biyansa ba ya faɗa da shi. Zuwa yake da rana tsaka ya sauke aikinsa ɗaya ɗaya, ya jera wa mutum a bakin ƙofa."

Na ce, "Rabha, mutumin ya mutu tun ina da gashi."

Ta ce, "To wa ya ce ka kira shi?"

Yanzu abin da nake yi ke nan, shi ya sauke ni in mayar. Amma ya fi ni sauri, kuma shi gwiwarsa ba ta ciwo. Na ja gadon Ummanki zuwa kusurwa, na shimfiɗa leda. Dusar ƙanƙara ta kusa.

Kada ki damu. Ubanki ne kawai a duk lardin nan da yake da magini mai zuwa ba a aika ba.

Lazhar

Safaƙus, Disamba

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wasiƙarka a ɗakin malamai, sai da na fita waje.

Ban yarda da matattu masu hawa rufi ba, kai ma ka sani. Tayil ɗin da ba a kafa da ƙusa ba zamewa yake yi, kuma akwai masu son su ga ka firgita, kai da ba wanda ka bari da tsokana a unguwar. Amma ko ma mene ne, ramin da ke saman gadon Umma na gaske ne. Ku taho nan ku yi sanyin bana, ɗaki yana nan. In ta ƙi, ka je wurin liman, sannan ka sa a kafe ɓangaren duka da ƙusa.

In kuma zuciyarka ba za ta kwanta ba sai ka je ka ɗora tayil a kan kango, to ba kai kaɗai ba. Hutu ya kusa. Za mu zo ni da Nizar, shi ya hau, ni in miƙa, kai ka tsaya ƙasa kana ba da umarni yadda ka saba. Ka yi mini alkawari ba za ka hau dutsen nan kafin mu iso ba.

'Yarka,
Sausan

Ain Darahim, ƙarshen Disamba

Sausan 'yata,

Sallama. Na bi shawarwarinki ɗaya bayan ɗaya kamar ɗalibin kirki, ga sakamako.

Ummanki ta ce ba ta zuwa ko'ina. Ta ce ƙasa ta kore ta daga gida sau ɗaya, ba za a ƙara ba, balle a kan bashin da mijinta ya ci da bakinsa.

Ƙusa na sa an kafe. Hazo ya zo ya tafi, na tarar da tayil a bakin ƙofa, ƙusoshin a gefe, an miƙar da waɗanda suka lanƙwashe.

Liman ya ce matattu ba su da sauran buƙatar rufi, in yi sadaka in yi addu'a. Na ji daɗi har na miƙe. Sai ya ce, "Amma tsaya, da bakinka ka ce yininsa yana wuyanka?" Na ce da wasa ne, Sidi, kowa ya san ni. Ya ce, "Shi ya yi dariya?" Na ce a'a. Na ce ko zai raka ni Gidajen Sama? Ya ce yana da ɗaurin aure. Ban ji an yi aure a garin nan ba har yau.

Shekaranjiya aka samu rana, na lallaɓi Si Farhat ya kai ni Gidajen Sama, in gani kawai. Muka bi ta cikin daji, yana gaba yana zagina, ina baya ina amsawa. Ya ce, "Da ka bar jan tayil ɗinka da yanzu kana gida kana tarar yoyo kamar kowane mutumin kirki." Na ce, "Da kai ka iya aiki da ba a ga bambanci ba, da ban san ɓangaren arewa na wani ne ba." Muna haka har muka fito fili.

Gidajen duk sun zube, ciyawa ta cinye. Ɗaya ne a tsaye, can ƙarshe, rabinsa cikin tudun ƙasa, rabinsa a waje. Ƙofa a rufe. Rufin ya ɓurma ta tsakiya. A gefen bango kuma, Sausan, jan tayil ɗina ne. Na kakanki, wanda na zubar a kwazazzabo. Na gane shi da shuɗin fentin da kika shafa wa wasu kina ƙarama. An wanke shi, an ware fasassun gefe guda, an jera masu kyau tsawon ƙirjina. Ga sabon katako an fere. Ga tsani a jingine.

Ruwan da aka kwana ana yi yana ta ɗiga daga rufin zuwa ciki. Muna jinsa ta ƙofa, yana faɗawa cikin kwano, irin ƙarar nan ta kwanon da ya cika. Ke kin fi kowa saninta. Muna tsaye sai ta tsaya. Jim kaɗan ta dawo da wata murya, tal, tal, a kan ƙarfe. An zubar da ruwan an mayar da kwanon.

Na ce, "Salamu alaikum," don ban san abin da zan ce ba.

Tayil ɗaya ya zame daga jerin yana kwance kusa da ƙafar Si Farhat. Na ce ya ɗaga ya mayar kada ya fashe. Ya cusa hannuwansa cikin alkyabba. Mutumin da ke korar aladun daji da sanda. Ya ce a hankali, "Lazhar, zan raka ka, zan jira ka, in ka faɗo zan ɗauke ka. Amma ko ɗaya ba zan taɓa ba. In na ɗaga, na yi masa aiki, ya zama ni nake binsa. Ni ba na son ranar da zai zo gidana don ya biya ni."

Kin ji dalilin da ya sa ba za ki zo ba, ke da Nizar. Mutumin nan ba ya barin bashi, nasa ko na wani. Ki miƙa tayil ɗaya a wurin nan, wata rana kina Safaƙus, ko kin tsufa, ko 'ya'yanki na wasa a tsakar gida, za ki ji motsi a saman ɗaki. Ni na yi ihun. Ku zauna inda riga take bushewa.

Jiya dusar ƙanƙara ta fara, ta shigo ɗakin. Tarin Ummanki ya dawo. Kin ce in riƙa faɗa miki gaskiya.

Ubanki,
Lazhar

Safaƙus

Baba,

Gaisuwa. Ban karɓi hanin ba, ka yafe mini. Ban taɓa saɓa maka ba sai yau. Mutum mai shekarunka ba zai hau ruɓaɓɓen rufi cikin ƙanƙara ba mai miƙa masa. Ko wane ne a gidan nan, ya bi ni, na yarda. Nizar bai samu izini ba, ni kaɗai zan taho. Motar Alhamis, in Allah ya so. Ka jira ni.

Sausan

Ain Darahim, Talata da yamma

'Yata,

Sallama. Wannan ba ta gidan waya za ta bi ba, Ummanki za ta ba ki hannu da hannu. Taurin kan nan na san inda kika samo shi, ba ni da bakin magana.

Kin ce Alhamis, don haka gobe Laraba zan hau, bayan asuba. Si Farhat zai kai ni bakin fili ya zauna a kan dutse da hannuwansa a aljihu. Batun mai miƙa mini kada ya dame ki. Ina jin akwai.

Na gaya wa rufin da ƙarfi yau da rana cewa gobe ina tafe. Hazo ya zo ya tafi, bakin ƙofa ba komai.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. A gayya ba a sauka daga rufi sai mai gida ya ce a sauko a ci abinci, kuma in an ce ka shigo ba a ƙi. Na tambayi Ummanki ko matar Ammi Ayyashi ta iya girki. Ta ce ta iya.

In kin iso kin same ni a bakin murhu ina yi wa Si Farhat ƙarya, ki yaga wannan. In ba ki same ni ba, kada ki hau. Ki zauna da Ummanki, ki dafa mata shayi, ki saurari saman ɗakin. Muddin ba ki ji motsi ba, ina kan aiki.

Ubanki, mai yini ɗaya a wuya,
Lazhar